Gida ya faɗo a Sabuwar GRA, amma ya zan yi da Hajiya?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya san abin ya yi magana. An yi mini tayin gida a Sabuwar GRA, unguwar masu hali a nan Bauchi, mai shi zai koma Abuja da iyalinsa. Ɗaki huɗu ne, da fili gaba da baya, da burtsatse. In na sayar da filina na hanyar Ningi na haɗa da ɗan abin da ke hannu, zan iya biya. Yanzu a Jahun nake, gidanmu na gado, ni da iyalina da ƙannena biyu da nasu iyalan, ga mahaifiyarmu. Gida ya yi mana kaɗan ƙwarai. Uwargida ta riga ta gama ɗaure kaya a zuciyarta. Hajiya kuwa da na gaya mata, cewa ta yi "to, Allah ya sa alheri", ta ci gaba da jan carbinta, ni kuma na san irin wannan "to" ɗin nata. Ni ne babba, ba na jin zan iya tashi in bar ta. Waɗanda suka zauna a GRA, mene ne gaskiyar zaman?

Ɗan Wunti:
Wa alaikumus salam Alhaji. E, tun yanzu mun fara kiran ka Alhaji. Saya kawai, mu ma mu samu inda za mu riƙa zuwa shan esi in zafin Afrilu ya taso.

Injiniya:
Baban Khalifa, kuɗin sayen gidan shi ne ƙaramin lissafi, babban yana zuwa ne wata-wata. Fara da tambayar layin wutar da gidan yake kai. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar layukan da ke rukunin A daga wajen naira 68 zuwa 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta ya tsaya a 200 da 'yan kai, bisa alkawarin wutar awa 20 a rana. Ma'ana katin naira 10,000 ba zai ba ka yunit 50 ba. Esi guda mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana cin fiye da yunit ɗaya a awa. Ka lissafa ɗakinka, da na Hajiya, da firiza, da dutsen guga, da famfon da zai hau da ruwa tanki. Kuma kar ka ce ai akwai janareto: man da muke saye ƙasa da naira 200 kafin Mayun 2023 sai da ya haura 1,000 a ƙarshen 2024. Ka tuna Oktoban 2024 da Arewa ta yi fiye da mako a duhu? Masu manyan gidaje ne suka fi kowa jigata, don komai nasu a kan wuta yake, har ruwan alwala. In za ka shiga, sa kuɗin sola da batir cikin kuɗin gidan tun yanzu.

Sai burtsatsen. Bauchi a kan dutse take, ba ko'ina ake samun ruwa mai yawa ba. Kar ka yarda da gwajin damina. A kunna maka a Maris ko Afrilu, ka tsaya da agogo ka ga ko zai cika tanki kafin ya fara jan iska. Ka kuma tambayi maƙwabta ko ruwan famfo na dam ɗin Gubi yana isowa layin, don can ba za ka leƙa waje ka ga ɗan ga-ruwa yana wucewa da kura ba. In ruwa ya yanke, tanka za ka kira.

Maman Ilham:
Ni dai na san yanzu maza za su taru su ce kar ka je, don majalisarsu ta bakin dakali suke ji. Bari in faɗi ta mata. Na yi zaman gidan yawa a cikin gari kafin mu dawo nan GRA, kuma wallahi ba na fatan komawa. Wanda bai raba banɗaki ɗaya da gida uku ba, ba zai gane ba. Ka dafa abinci, sai an san me ka dafa. Maigida ya shigo da leda, kafin ya kai ɗaki an ƙirga abin da ke ciki. Yara su yi faɗa, iyaye su kwana biyu ba sa gaisawa. Ga kwata a ƙofar gida, ga sauro, duk damina sai mun kwanta asibiti da wani. Tun da muka dawo nan yarana suka samu wurin wasa, ni kuma na samu barcin rana. Matarka ba son zuciya ke damun ta ba, Baban Khalifa, gajiya ce. Duk zumuncin da ake yabo na gidan yawa, a kan wuyan matan gidan yake tafiya, su ke dafawa su ke wankewa.

Ɗan Wunti:
Anti Maman Ilham ta zo da zafinta. Mu dai mun yi shiru.

'Yar Kobi:
Gaskiya kika faɗa 'yar'uwa, amma kin ba da amsar matarsa ne, shi kuwa tambayar uwarsa ya yi. Mu mun gwada. Yayanmu ya gina gida mai kyau, ya ɗauke Innarmu daga Kobi ya ware mata sashe guda, da talabijin da mai aiki. Ba ta rasa ci ba, ba ta rasa sha ba. Sai muka ga tana ramewa. Ashe a Kobi tun bayan sallar asuba ake fara sallama a ɗakinta: wannan ta zo gaisuwa, waccan ta kawo jariri a yi masa addu'a, wata rigimar miji ta kawo, wata aron turmi. Ita ake tambaya ranar suna, ita ake kira in naƙuda ta zo da gardama. A can kuwa daga ita sai carbi sai ƙarar esi. Ƙawayenta tsofaffi ne, ba mai kuɗin Keke Napep zuwa da dawowa, in ma sun zo sai maigadi ya tsayar da su ya shiga tambaya. Ɗaya daga cikinsu, wadda suka yi shekara da shekaru tare, aka ce mata "Hajiya na barci", ta juya, ba ta sake zuwa ba. Da Inna ta ji labari kuka ta yi. Ƙarshe ita da kanta ta ce a mayar da ita, ko da a zaure za ta kwana.

Don haka ka saurari wannan "to" ɗin da kyau. Tsohuwa ba za ta ce maka a'a ba, don kar a ce ta tare wa ɗanta arziki.

Tsohon Ma'aikaci:
Yara, ku bar ni in ɗan koma baya, don abin da kuke kuka da shi ba kuskure ba ne, haka aka tsara wurin tun asali. Da Turawa suka ci Bauchi a 1902 ba su zauna cikin ganuwar da Malam Yakubu, Sarkin Bauchi na farko, ya gina ba, waje suka fita suka kafa barikinsu. Dokar garuruwa ta zamanin Lugga, ta 1917, ita ta tsara unguwar Turawa daban, har aka ce a bar fili na yadi 440 ba gini tsakaninsu da 'yan ƙasa, wai don sauro kar ya ɗebo zazzaɓi daga jikinmu ya kai musu. Baƙin mutum da aka yarda ya kwana a ciki shi ne kuku da boyi, su ma a ɗakunan can baya. Da suka tafi, manyan ma'aikatanmu suka gaji gidajen da tsarin duka. Bayan an ba mu jiha a 1976 sai wurin ya cika da sakatarori da kwamishinoni da alƙalai.

Na zauna a gidan gwamnati a Tsohuwar GRA lokacin ina aiki. Abin da zai ba ku mamaki, a lokacin ba katanga. Shingen fulawa ne, ko 'yar waya, kana zaune a baranda kana hango maƙwabcinka, ga mangwaro ga dalbejiya. Yaranmu gida-gida suke bi. Kuma duk mun san juna, saboda ofis ɗaya ya tara mu. Katangar da ta fi mutum biyu tsawo, da waya mai ƙaya, daga baya suka zo, da fashi ya yi yawa kuma gidajen suka koma hannun masu saye. Yau maƙwabcinka ba abin da ya haɗa ku sai cewa kun iya biyan kuɗi iri ɗaya. Ni da na yi ritaya cikin gari na dawo, kusa da Ƙofar Ran, kuma ban yi nadama ba, ko da yake gwiwata ba ta son tsallaken kwata.

Baban Khalifa:
Allah ya ƙara girma Baba. Wannan tarihin ban taɓa jin sa ba.

Mutumin Gombe:
Mu ma nan Gombe haka abin yake, duk wanda ya samu kuɗi sai ya bar Jekadafari ko Bolari ya nufi GRA ko Tumfure. Bambancin kawai, mu titunanmu sun fi naku kyau.

Ɗan Wunti:
Ku da muka yaye a 1996 har kun fara yi wa iyayenku gori? Ka zo ka ci masa ka koma.

Mai Kula da Zaure:
A dawo kan magana don Allah. Rigimar Bauchi da Gombe tana da ranarta.

Abban Sadik:
Ni abin da ya kore ni daga cikin gari tarbiyya ce, ba ƙunci ba. Yarona na fari yana aji biyu na sakandare na fara jin wasu kalmomi a bakinsa, na bincika na ga su wa yake zama da su a bakin lungu. Duk wanda ya san abin da sara-suka suka yi wa garin nan ba zai ce in tsaya jiran gani ba. A nan na san inda yarana suke kowane lokaci: makaranta, Islamiyya, gida. A kira shi kurkuku in an ga dama, na yarda.

Ɗan Tsohuwar GRA:
Abban Sadik, da girmamawa, ni a irin gidan da kake faɗa na tashi. Ka san inda jikinsu yake, shi ke nan. Kafin gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, ka tambayi masu kwashe shara a wace unguwa suka fi tsintar kwalabe. A cikin lungu in yaro ya fara lalacewa, kafin sati mai shago ya gani, liman ya ji, wani kawu ya ja masa kunne. A bayan katanga yaro zai shekara yana abu a ɗakinsa, uba na ofis, uwa na sashenta, maigadi ya sani amma yana tsoron aikinsa. Abokaina biyu haka suka tafi.

Wani abin kuma da ba a faɗa: na girma ban iya gaisuwa ba. In aka kai mu cikin gari gaisuwar Sallah, 'yan'uwa na tsugunawa suna jero gaisuwa, ni ina tsaye kamar an dasa ni. Sai da na shiga jami'a na koyi zama da mutane. Ban ce kar a zauna a GRA ba, har yanzu a nan nake kuma ina son shirun. Amma wanda zai kawo yara ya san cewa aikin da unguwa guda take yi masa kyauta, yanzu shi da matarsa kaɗai za su yi.

Abban Sadik:
Na ji, amma wannan zamanin da kawu ke jan kunne ya wuce ko a cikin garin. Yau ka tsawata wa ɗan wani, uwarsa ta biyo ka har gida.

Maman Ilham:
Yawwa, gaya musu. Cikin garin da suke yabo na 1980 ne.

Malam Na Gwallaga:
Jama'a, kowannenku yana da hujja a addini, shi ya sa ba za a ce wa bawan Allah nan haramun ko wajibi ba. Ya zo a hadisi cewa abu huɗu suna cikin jin daɗin rayuwa: mace tagari, da gida mai yalwa, da maƙwabci nagari, da abin hawa mai daɗi. Kun ga an ambaci yalwar gida, saboda haka neman ta ba girman kai ba ne. Amma an jera ta da maƙwabci. Kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Jibrilu bai gushe yana masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a ba shi gado. Ya kuma umarci Abu Zarri in ya yi miya ya ƙara mata ruwa ya ba maƙwabta. Ba a ce sai maƙwabcin yana talaka ba.

Abin da ya fi damuna da unguwannin nan shi ne kowane mai hali ya gina ɗan masallaci a jikin katangarsa. Layi ɗaya masallaci uku, kowanne sahu bai cika ba: maigida, direba, maigadi. Wurin da ya kamata ya haɗa su shi ya raba su. An taɓa kira na jana'iza a irin layin nan, da safe. Motoci sun cika titi, daga Abuja daga Kaduna, amma gidan da ke jikin na mamacin ba su sani ba sai da suka ga rumfa. Baban Khalifa, in ka koma, kar ka gina masallaci. Nemi wanda ya fi jama'a a layin ka lizimce shi.

Batun Hajiya kuwa, biyayya ba ita ce ka ajiye ta inda kai kake ganin ya fi kyau ba. Ka aika wata 'yar'uwarta da take sakewa da ita ta tambaye ta, ba kai ba.

Na Bakin Get:
Ranku ya daɗe, ni gadi nake yi a Sabuwar GRA, ku yi haƙuri in sa baki. Ana ta cewa ba zumunci a nan. Akwai, a wajen get yake. Mu masu gadi da direbobi da masu ban ruwan fulawa da mai shayin kan kwana duk mun san juna, muna adashi, muna ciyayya, wanda matarsa ta haihu a ƙauye mu haɗa masa. Mu muka san gidan da aka yi baƙi, da gidan da ba lafiya. Sau da yawa daga bakinmu Alhaji ke jin an yi rasuwa a gida na uku.

Batun mayar da baƙi da Hajiya 'Yar Kobi ta faɗa, ba mu ke so ba. Umarni ake ba mu. Kuma ku yi wa masu gidan adalci: ranar Juma'a tun hantsi ake layi a bakin get, wannan takardar asibiti, wancan kuɗin makaranta, wani matarsa ce ta haihu a karo na uku cikin shekara guda. In aka buɗe wa kowa, maigida ba zai karya kumallo ba. To a nan ne ake haɗawa da na kirki a kora. Shawarata Alhaji, ranar da ka tare ka zaunar da maigadinka ka nuna masa mutanenka da ido, ka ce waɗannan ko ƙarfe nawa suka zo a buɗe. Sannan ka biya shi a kan lokaci. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 tun 2024, amma ku tambayi masu gadin layinku nawa suke karɓa, mutumin da kuka damƙa wa ranku da dare.

'Yar Kobi:
Allah ya saka da alheri Malam. Wallahi ban taɓa kallon abin ta wannan gefen ba.

Ɗan Wunti:
Kuma Alhaji ka shirya, daga ranar da aka ji ka koma GRA farashinka ya canza. Mai gyaran famfo in ya ji adireshi sai ya ninka. Gudummawar biki da kake ba da dubu biyar a gode, yanzu in ka ba da ita sai a ce ka yi rowa. Dangi na ƙauye kuma duk wanda aka turo asibitin koyarwa a gidanka zai sauka.

Barista:
Tunda an gama wa'azi, ga ta takarda. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, abin da kake saye haƙƙin zama ne, galibi na shekara 99, kuma lissafin yana farawa daga ranar da aka ba mai shi na farko, ba ranar da ka saya ba. Ka karɓi kwafin takardar mallakar, ka sa lauya ya bincika a ma'aikatar filaye: sunan wa ke kai, an jinginar da ita a banki ko a'a, akwai bashin harajin fili ko babu. Bayan ciniki kuma sai an nemi amincewar gwamna kafin mallaka ta dawo sunanka, kuma wannan ma kuɗi ne, ka sa shi a lissafi. In gidan gado ne, kar ka biya sai duk magada sun sa hannu, har matan da ke aure a wasu garuruwa. Rabin shari'un da ke wahalar da mu daga nan suke.

Ka kuma zaga layin da dare da kuma ranar Asabar. Gidaje da yawa a GRA sun koma makarantu, otal-otal da wuraren biki. Kar ka sayi shiru ka tarar da kiɗan biki a jikin tagarka har sha biyun dare.

Dillalin Muda Lawal:
Barista kullum sai kun tsorata mana masu saye. Gida a GRA ba ya kwana, Alhaji, in ka tsaya dogon bincike wani zai ɗauka. Kuma ko ba ka zauna ba, ka zuba 'yan haya, ƙasa ba ta faɗuwa.

Barista:
Gidan da ba zai jira binciken sati biyu ba, akwai abin da ake ɓoyewa a cikinsa.

Baban Khalifa:
Na gode ƙwarai jama'a, na karanta duka. Na bi shawarar Malam, na tura Goggonmu ta sami Hajiya jiya. Abin da ta ce: ita ba za ta bar ɗakin da mahaifinmu ya ajiye ta ba, amma kar in fasa saye saboda ita, don ta ga yadda jikokinta ke kwana a cunkushe. Wai ma in na tashi, ƙanina ya samu ɗakunana ya sarara. Sharaɗinta biyu: yaran su ci gaba da Islamiyyarsu ta Jahun, su riƙa biyowa ta wurinta kullum, ni kuma kar ta ji ni a waya, ta gan ni da ido. Ban yanke ba tukuna. Lissafin Injiniya ya fi maganar kowa tsorata ni, ga man da zan riƙa ƙonawa tsakanin GRA da Jahun safe da yamma. Barista, zan neme ka ta akwatin sirri kan batun takardun.

Maman Ilham:
Ka ga Hajiya ta fi ku duka hangen nesa. A gaida uwargida, a ce ta fara auna labule.

Injiniya:
Kafin labule a auna ruwan burtsatsen. Ka sa ranar, zan zo da kaina, amma sai bayan mai gidan ya yarda a bar famfon yana aiki awa guda cur muna tsaye.

Dillalin Muda Lawal:
Filin hanyar Ningin nan fa, Alhaji, nawa ka sa masa? Ina da mai so a hannu. La'adata kashi biyar ce, ba ragi.

Ɗan Wunti:
Kashi biyar daga mai saye ko daga mai sayarwa?

Dillalin Muda Lawal:
Duka biyun mana.